Kunun da Na Zuba Mata da Hannuna

An ce in bari zuciyata ta huce kafin in rubuta wannan. Na jira shekara biyu ba ta huce ba, don haka zan rubuta da zafina. Wanda ya ga kansa a ciki ya ji haushi, ya san hanyar gidanmu. Saboda mutanenmu masu aiki a ƙasashen Larabawa nake rubutawa, da kuma 'yan uwansu da za a kira wata rana a ce su zo jinya, su zo ido rufe kamar yadda na je.

Sunana Rahila. Yayata Saratu nas ce, ta yi shekaru tana aiki a Jos kafin ta samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Doha. Mijinta Bulus ya riga ta tafiya, yana haɗa na'urorin sanyaya ɗaki a gine-ginen da ake ta yi a Lusail, kusa da Doha. 'Yarsu ɗaya, Na'omi, tana makarantar kwana, hutu a wurina take yi. Babanmu mai bishara ne har ya rasu, a gidanmu ko burkutu ba a ambata sai cikin wa'azi. Ita kuwa Saratu, kanta ne ma'ajiyar gidanmu. Lambar wayar kowa, ranar auren kowa, sunan maganin hawan jinin Mama, duk tana riƙe da su. In gardama ta tashi kan abin da ya faru muna yara, ita ake kira ta raba. Wannan kan ne na je Doha in ceto, kuma shi ne ban ceto ba.

Bulus ne ya kira ni da zafi ya fara. Ya ce yayata ba ta jin daɗi, amai take yi kusan wata guda, an ba ta hutu a wurin aiki. Ya ce zafin garin ne, ba wani abu ba, amma ya nema mini bizar ziyara in zo in zauna da ita don shi ba ya wuni a gida.

A unguwar Bin Omran suke, a wani tsohon gida da aka yayyanka da katako, iyali huɗu suna raba kicin ɗaya. Da ta fito tarbata sai na tsaya ina kallonta. Ta rame, tana dafa bango, tana ware ƙafa kamar mai tafiya a cikin kwalekwale. Ta rungume ni ta tambayi Na'omi, na ce lafiya lau. Kafin in shanye ruwan da aka ba ni ta sake tambaya sau biyu. Na ce a raina kewar 'ya ce.

Akwai wani koren fulas a gefen gadonta. Kullum kafin motar kamfani ta zo, Bulus zai dama kunun gero da kansa, ya zabga citta da kanumfari da masoro, ya cika fulas ɗin. Har waya na yi wa Mama ina yabonsa, na ce irin mijin nan sai an tona. Ni ina da olsa, ko ƙamshin citta ba na so, don haka ban taɓa kai shi baki ba. Saratu ba ta cin tuwo, ba ta cin shinkafa, in ta ci sai ya dawo. Kunun nan kaɗai ke zama. Za ta ce, "Rahila, zubo mini kununa," in zuba. Sau huɗu, sau biyar a wuni. In ta tashi da safe hannunta na rawa, da ta sha kofi ɗaya sai rawar ta tsaya, ni kuma in gode wa Ubangiji cewa ga abin da ke ba ta ƙarfi.

A makon farko muka je ƙaramin asibitin unguwa. Muka ciri lamba, muka zauna a ɓangaren mata fiye da awa biyu. Likitan yana duba kwamfuta yana jero tambayoyi. Tana shan taba? A'a. Tana shan giya? Kafin Bulus ya buɗe baki na riga na amsa, har da 'yar dariya. Na ce masa mu 'ya'yan mai bishara ne, abin da take sha kunu ne kawai, gero da ruwa. Bulus yana tsaye a bayana yana latsa waya. Likita ya ce zafi ne da gyambon ciki, aka ɗaura mata ruwa mai sukari leda biyu, aka ba mu ƙwayoyi. Da muka dawo gida ta fi da rikicewa, ta ce tana ganin ƙofar ɗaki ta zama biyu.

Mako na biyu na masu ba da shawara ne. Mama ta ce a nemi zogale. Kawunmu ya ce jifa ne daga abokan aiki, tun da dama an ce ana shirin ƙara mata girma. Wata maƙwabciya ta ce sanyin na'ura ne ya shige mata kai. Ranar Juma'a kuma, da yake a can ranar ake sujada a coci, matan zumunta na ikilisiya suka cika ɗakin bayan an tashi. Shugabarsu Mama Talatu ce, ungozoma, ta fi kowa daɗewa a Doha. Ta yi addu'a mai tsawo, ta yanke cewa a yi azumin kwana uku, har da mai ciwon. Da za su fita ta juyo ta ce mini, "'Yata, abinci ne kawai za a ɗaga. Kununta kam a bar mata, kar ki yanke mata shi lokaci ɗaya."

Na ga matan sun kalli juna, ɗaya ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Na ɗauka tausayi ne. Mata bakwai ne a ɗakin, biyar ma'aikatan asibiti, kuma duk sun san abin da ke cikin fulas ɗin. Ni kaɗai ce baƙuwa, ni kaɗai ce wawuya. Matar da ta yi wata guda tana amai aka sa ta azumi, na kuma bi na kula da ita kar ta karya.

A mako na uku ta faɗi a banɗaki da rana tsaka. Da na ɗago ta, ƙwayar idonta na ta karkarwa hagu da dama, tana kirana da sunan wata abokiyar aikinta. Motar asibiti ta kai mu babban asibiti. Ba zan yi ƙarya ba, sun yi aiki. Sun ɗauki hoton kai, sun ɗebi jini, sun ɗebi ruwan ƙashin baya, suna neman shanyewar jiki ko sanƙarau. Sau biyu aka sake yi mini tambayar nan ta giya. A karo na biyu har na fusata, na ce sau nawa zan faɗa. Ina jin kunyar wannan fushin har yau.

Aka kwantar da ita, aka ce ba a shigo da abincin waje. A kwana na biyu jikinta ya ɗauki rawa, zufa ta jiƙa zanin gado, tana ihu wai ƙadangaru na hawa labule. Sai da aka ɗaure mata hannu a jikin gado don kar ta fizge allura. Na koma gida na ɗauko fulas, dama Bulus ya cika shi kamar kullum. Na tsaya a baranda ina roƙon wata nas 'yar Filifin ta bar ni in shiga da shi, tana cewa doka ce. Na koma gefe ina kuka ina mita da Hausa.

Wani dattijo mai tura gadon marasa lafiya ya tsaya. Sunansa Isaka, mutumin Zangon Kumasi ne, Hausarsa irin tasu ce, mace ma "shi" yake ce mata.

"'Yar uwa, lafiya? Me ya faru?"

Na ce yayata ce, ba abin da take iya sha sai kunu, sun hana.

"Ina shi ke zama?"

"Bin Omran."

Ya dubi fulas ɗin. "Wane kunu? Na yara ko na manya?"

Na ce ban gane ba. Ya karɓa, ya buɗe, ya kai hanci, ya mayar da murfi da sauri. Ya ce kafin ya samu wannan aikin tasi ya tuƙa, ya sha ɗaukar mutanenmu ranar Juma'a. Ya ce, "A wajen 'yan Najeriya na Bin Omran, in mace ya ce kunu, sai ka tambaya. Wannan rabi gero ne, rabi farar giya, irin wanda ba shi da wari. Citta ya rufe sauran. Kar ki tsaya kuka. Je ki gaya wa dokta yanzu, yalla, maza."

Na karɓi fulas ɗin. Abin da ya fara zuwa raina shi ne kofunan da na zuba da hannuna, ina cewa ta daure ta ƙara.

Likitar da na je na gaya wa 'yar Sudan ce, mai furfura a gaban goshi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Ta juya ta ba nas umarni, nan take aka fara yi wa Saratu allura ta jijiya. A ranar na koyi kalmar da ba zan manta ba, tayamin. Ta ce wani bitamin ne, giya tana hana jiki riƙe shi, mai amai kuma ba ya samun sabo, ƙwaƙwalwa kuwa in ta rasa shi ba ta jira. Ta ce ruwan sukari da aka ɗaura ba tare da shi ba, ƙara cinye ɗan abin da ya rage yake yi. Ta tambaye ni tun yaushe tafiyarta ta canja. Na ce mako uku da na gani da idona. Sai ta ce, "Idon zai dawo. Tafiya mai yiwuwa. Tunawa kam ba zan yi miki alkawari ba. Da an faɗa a ranar farko, allura ce ta kwana kaɗan."

Da la'asar Bulus ya iso da kayan aiki a jikinsa. Da can akwai wasa tsakaninmu, irin na ƙanwar mata da mijin yaya, yana ce mini amaryarsa. Daga ranar wasan ya mutu. Na tare shi a wajen ajiye motoci, zafi na dukanmu, na miƙa masa fulas ɗin na ce ya sha.

Ya ce, "Rahila, ki saurare ni."

"Kana tsaye a bayana na yi wa likita ƙarya, Baban Na'omi. Kana ji."

"In aka rubuta a fayil ɗinta, lasin ɗinta ya tafi. Kafil, wato mai asibitin da ya tsaya mata, ya soke biza, khalas, shi ke nan. Kin san abin da muka sha kafin ta samu aikin nan? Mama Talatu ta ce in aka yanke mata lokaci ɗaya za ta iya mutuwa, shi ya sa nake rage mata kaɗan kaɗan."

"Shi ya sa ka bar ni ina ba ta?"

Ya share zufa. Sai ya faɗi maganar da ta fi ƙona mini rai. "Ni ban san zai kai haka ba. Tare muke sha, kofi ɗaya ni, kofi ɗaya ita. Ga ni nan lafiyata ƙalau, ina hawa gini kullum."

A hankali na haɗa labarin. Maza da yawa a cikinsu suna da famit, wato takardar izinin sayen giya da ake ba wanda ba Musulmi ba in kamfaninsa ya sa hannu. Ranar Juma'a su zauna a falo, kwalba a kan tebur, farfesu a gaba, ba mai ce musu uffan. Amma matar dattijon ikilisiya ba za ta riƙe kwalba ba, me za a ce a gida? Sai aka ƙirƙiro kunun manya a kicin. Saratu ta fara ne don ta samu barci bayan diyutin dare, ga kewar 'yarta, ga ɗakin da ba taga. Namiji yana sha yana cin nama, yana ganin kwalba na raguwa. Mace tana sha da cikin wofi, a kofin shayi, ba kwalbar da za ta nuna mata iyaka. An taɓa kai wani ɗan uwansu asibiti da ciwon hanta, kafin likita ya tambaya matarsa ta ce yana sha. Shan namiji yana da suna, shi ya sa aka yi masa magani. Na yayata an sa masa sunan abincin mai jego. Hutun da aka ba ta ma ba na amai ba ne. Ta tsaya ne a kan mara lafiya ta kasa tuna ko ta ba shi magani, abokan aikinta 'yan gida suka rufe maganar.

A mako na biyar likitar ta zaunar da mu uku. Bulus ya maimaita zancensa na kofi ɗaya. Ta ce masa kofi ɗaya ne a hannu, amma ba ɗaya ba ne a jini. Jikin mace ya fi ƙanƙanta, ruwan jikinta bai kai na namiji ba, don haka giyar ta fi kauri a jininta, ta fi saurin taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Sannan ta faɗa wa Saratu kalmomi uku ta ce ta riƙe: lemo, kujera, jirgi. Ta ɗan ja ta da hira, ta tambaye ta awon wani maganin zazzaɓi na yara. Yayata ta zuba shi tiryan-tiryan, har likitar ta gyaɗa kai. Da aka ce ta faɗi kalmomin, sai ta ce, "Waɗanne kalmomi? Ba ki faɗa mini komai ba."

Likitar ta juya ga Bulus. "Kai fa?"

Ya ce lemo. Ya ce kujera. Ya tsaya, ya yi 'yar dariya, ya ce mota. Ta ce masa namiji ba ya tsira, nasa dai ya fi jinkiri, kuma yakan fara ne daga yanke shawara, mutum ya riƙa ganin wauta kamar dabara. Allah ya gafarta mini, na ji daɗin ganin dariyar ta bushe a fuskarsa.

Makonni shida na gaba a asibiti na yi su. Idonta ya daidaita. Rawar jiki ta tafi. Aka koya mata tafiya da ƙarfen dogarawa, ni ina biye da ita a baranda. Ni ke yi mata wanka, ni ke canja mata zani in ta ɓata, ni ke ba ta abinci cokali cokali. Amma abin da ya faru da safe ba ya kai rana a kanta. Abin da ya fi ban tsoro, ba ta cewa ta manta. In ka tambaye ta ina ta je jiya, za ta ce ta leƙa kasuwar Taminus ta Jos ta sayo dankali, har da farashi, fuskarta a sake. Likita ta ce ba ƙarya take yi ba, kan ne yake cike gurbin da abin da ya samu, kuma kar in yi musu da ita don ba abin da zai ƙara sai tashin hankali.

Ina godiya ga likitar nan, da nas ɗin da ta hana ni shiga da fulas, ita ce daga baya take yi wa Saratu tsifa a lokacin hutunta. Ina godiya ga Malam Isaka, wanda tambaya ɗaya tasa ta fi addu'ar kwana uku amfani. Matan zumunta ma ba zan ci haƙƙinsu ba, sun kawo abinci, sun haɗa mana gudummawa, sun kai ni sabunta biza. Na ci abincinsu ina jin haushinsu. Ranar da Mama Talatu ta zo dubiya na raka ta bakin lif na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini.

Ta ce, "'Yata, asiri muka rufa mata. Ke yarinya ce, ba ki san zaman ƙasar mutane ba. Da kin ji, da gida sun ji."

Na ce, "Mama, ke ungozoma ce. Kin ga idonta, kin ga tafiyarta."

Ta ce Allah ne mai warkarwa. Lif ya zo ta shiga.

Lasin ɗin da aka yi ta karewa ya tafi duk da haka, don ba asibitin da zai riƙe nas da ba ta tuna abin da aka gaya mata minti biyar da suka wuce. Gida kuma sun ji, ni na faɗa musu da bakina. Na dawo da ita Jos, tana wurina. Bulus yana can, yana aiko da kuɗin magani, ya ce ya daina sha. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ga abin da nake so ku ɗauka. In kuka je jinyar wani a ƙasar da ba taku ba, ku ɗanɗana duk abin da ake ba shi, ko ku sa wani ya ɗanɗana. In likita ya yi tambaya, kar ku amsa da tarbiyyar gidanku, ku ce ba ku sani ba. In kuka ga mai amai ya fara tangaɗi, ido na rawa, yana maimaita tambaya, ku ambaci giya ko da kuna jin kamar zagi ne. Ku kuma mata, kar wani ya ruɗe ku da cewa tare kuke sha. Masu rufa asiri kuwa, ba ni da abin da zan ce muku wanda za a iya bugawa.

Makon jiya matar fastonmu ta zo gaishe ta. Saratu ta yi wanka, na ɗaura mata ɗankwali, ta zauna tsaf kamar ba abin da ya taɓa samunta. Hira ta kai ga Doha, matar fasto ta ce ai jinya a ƙasar waje sai da mutum, wa ya tsaya mata?

Yayata ta ce, "Bulus ne, da Mama Talatu. Matar nan ba ta bar gefen gadona ba, ita ke yi mini wanka, Ubangiji ya saka mata." Sai ta juyo ta dube ni, ina tsaye da ƙwayoyinta na rana a tafin hannu. Ba fushi a muryarta, tausayina ma take ji. "Rahila kuwa ko waya ba ta yi ba. Amma ba komai, ƙanwata ce, na yafe mata."

Matar fasto ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Na ce, "Na gode, Yaya." Na miƙa mata maganin da kofin ruwa, na tsaya har ta haɗiye.